Barliyen Babana: Daga Garwa Zuwa Injamena

A ɗakina da ke unguwar Hausare a Garwa ta Kamaru akwai kabad mai gilashi, ƙananan motoci 64 ne jere a cikinsa. Ba irin waɗanda ake saya wa yara ranar sallah ba ne. Kowace ɗaya kwafin wata mota ce ta gaske da aka ƙanƙantar bisa lissafi. Yawancinsu ma'aunin 1:43 ne, wato in ka jera 43 hanci na bin wutsiya, sai su kai tsawon uwarsu. Fijo 504 tsawonta mita 4.49 ne, tawa kuwa santimita 10 da 'yar ɗoriya. Wasu a dilar gwanjo na tsince su, wasu 'yan'uwa suka taho mini da su daga Duwala. Da rana ina shago ina sayar da kayan gyaran mota, bayan isha'i kuma in zauna da buroshi da hantsaki ina share ƙura, ina gyara wadda ta karye.

Mota ɗaya ce babu a kabad ɗin, kuma saboda ita na fara tarawa tun farko. Marigayi babana direban Berliet ne, wadda direbobinmu ke kira Barliye, samfurin GLR mai dogon hanci. Ya yi shekaru yana jigila tsakanin Garwa da Fort-Lamy, wadda tsofaffinmu ke kira Fallomi har bayan an mai da sunanta Injamena a 1973. Ya kai goro da gishiri, ya dawo da kanwa da busasshen kifi. An sayar da motar ina ɗan shekara shida, abin da ya rage mana sai hoto ɗaya marar kala, shi ma Baba ya tsaya ya kare rabin gabanta. Na sayi ƙaramar Barliye ta kamfani da tsada, amma duk lokacin da na dube ta sai in ga baƙuwa ce. Motar titin Faransa ce, fes da ita, babu bodin katako, babu tsani.

Wani direban tirela da ke sayen kaya a wurina ne ya kawo labarin. Ya ce akwai wani tsohon maƙerin gwangwani Bahaushe a Injamena da ke ƙera manyan motoci 'yan ƙanana, kuma da ya ji shi mutumin Garwa ne sai ya shiga tambayarsa gidanmu. Da na gaya wa Inna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaron motar babanku ne. Ashe yana raye." A daren nan na yanke shawarar tafiya.

Na tashi a tsakiyar watan Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya rufe Binuwai har ba ka hango ƙarshen gada. Inna ta ba ni goro da turare da yadin shadda in kai masa, ta ce, "Ka ce masa matar ubangidansa tana gaishe shi." Ni kuma na naɗe motoci shida cikin auduga, wadda ba ta wuya a garin kamfanin auduga na Sodecoton, na jera su a kwali na ɗaure da salatif. Na haɗa da magagari ƙanana, da filaya, da gam, da siririyar waya, da 'yan gwangwanayen fenti, da ma'aunin kauri irin na makanikai. Ban yi tunanin yadda waɗannan kaya za su kasance a idon wanda bai san ni ba.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da ɗoriya, na biya jaka huɗu, wato sefa dubu huɗu. Mun wuce Pitowa, mun wuce Figil da farar ƙurarta ta siminti da farar ƙasa, kafin azahar muna ƙarƙashin darbejiyoyin Marwa. Motocin Kuseri, garin da ke kan iyaka da Chadi, da asuba suke tashi, don haka na kama ɗaki a Domayo a kan jaka shida, na tafi kasuwar masu sana'ar hannu. Jakunkuna da takalman fata suna nan rataye, dukawa na zaune suna jiran mai saye. Wani ya ce mini tun da aka sace Turawan nan kusa da Waza a 2013 ƙafar baƙi ta ɗauke. A wata rumfa na ga motocin waya da na gwangwani. Na ɗaga ɗaya na juya ta. An yi ta ne don ta ɗauki ido: fenti ya yi kyau, amma tayoyin sun fi ƙarfin jikin, ƙofar kuma ko ɗan tsana ba zai shiga ba. Gabana ya ɗan faɗi, na ce kada dai abin da zan tarar a Injamena ke nan bayan wannan doguwar tafiya.

Washegari na biya jaka goma zuwa Kuseri, na ƙara ɗaya don in sami kujerar gaba in rungume kwalina. Har Mora titi lafiya lau, gonakin masakwa shar a dama da hagu, abin da kullum ke ba ni mamaki, dawa ta yi kai cikin rani ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

Bayan Mora kaɗan muka iso wani shinge, aka ce kowa ya sauka da kayansa. Jami'in da ya buɗe jakata yaro ne matashi. Ya ga waya a naɗe, ya ga filaya da gam da 'yan gwangwanaye, ya ga kwali ɗaure tam da salatif. Ina kallon fuskarsa ta canza. Ya ja da baya taku uku, ya ɗora hannu kan bindiga, ya daka tsawa a janye sauran fasinjoji. Nan take na gane abin da ya gani. Wannan yanki ya binne mutane da yawa saboda kaya irin waɗannan a cikin jaka. Marwa kanta ta ɗanɗana a watan Yulin 2015. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba har yau. Amma ƙafafuna rawa suke yi, bakina ya bushe, ba abin da nake iya tunawa sai "La'ilaha illa anta subhanaka".

Ya ce in tafi da kwalin can gefen hanya in buɗe da kaina, a hankali. Na durƙusa cikin ƙura na yanke salatif, na shiga warware auduga. Fijo 504 ta fito, na ajiye ta a ƙasa. Sai 404 a-kori-kura, sai Land Rover, sai Barliyen kamfani, har shida suka jeru a bakin titi. Ya kira babbansu. Shi ya tsugunna ya tambaye ni da Faransanci ko na sayarwa ne, na ce a'a. Na yara ne? Na ce nawa ne. Ya dube ni, ya dubi furfurar da ta fara fito mini a gemu, bai ce komai ba. Ya sa na buɗe ƙofar kowace da murfin injinta, kuma cikin rawar hannu na karya madubin gefen 404, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ɓace cikin rairayi. Suka riƙe wayar da gam da fentin, suka ce in tattara sauran. Mun yi kusan minti arba'in. Da na koma mota wasu na gunaguni, amma wata tsohuwa Bashuwa ta miƙo mini gorar ruwa ba tare da ta ce uffan ba. Ban manta da ita ba.

Hanyar Mora zuwa Waza zuwa Dabanga zuwa Kuseri kuwa, duk abin da ka ji ana faɗa a kanta gaskiya ne. Kilomita 200 ne da kaɗan, muka shafe yini cur. A wurare da yawa kwaltar ta tafi, ramuka sun haɗe, direba ya sauka ya bi ta cikin fako, ƙura kamar gari tana shigowa ta kowace kafa har haƙora su riƙa ƙas-ƙas. Ta nan ne kuma kayan da Chadi ke saukewa a tashar jiragen ruwan Duwala ke bi. Na ƙirga tireloli huɗu a kwance a gefensu, kusa da kowace an shimfiɗa tabarma a inuwa, yaran mota na dafa shayi suna gadin kaya. Bayan dutsen Waza sifirin ɗin motarmu ya karye, muka tsaya kusa da irin waɗannan. Hausa suke ji, suka ce kwanansu tara a wurin. Ɗayansu ya ɗauko katako da igiyar roba ya taya direbanmu ɗaure sifirin, ya ƙi karɓar ko dala. Ina zaune ina kallonsu sai na tuna Baba ya bi wannan ƙasa sau ba adadi, ba waya a aljihu, in mota ta lalace sai dai labari ya iso gida a bakin wani direba.

Mun shiga Kuseri bayan isha'i. Na sami ɗaki jaka bakwai, fanka ba wuta, sauro kuwa kamar an aiko su. Abin da ya wanke mini wahalar ranar shi ne gasasshen kifin kogin Logon da na ci a bakin titi, da yaji da albasa, jaka ɗaya da rabi. Mu mutanen Garwa muna alfahari da giwan ruwan Binuwai, amma na yarda wannan bai gaza shi ba. A garin nan ne aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900, shi ya sa birnin da ke tsallaken ruwa ya ɗauki sunan Lamy shekara da shekaru.

Da safe na hau babur zuwa gadar Ngeli. Babu biza tsakanin Kamaru da Chadi, kuɗinmu ma sefa ɗaya ce, amma sai da aka duba katin shaida da katin rigakafi a ɓangarorin biyu. Wannan karon tun kafin a tambaye ni na buɗe kwalin na ɗora a kan tebur. Gadar cike take da masu turin kura, da mata ɗauke da tumatir da albasa, da ɗalibai 'yan Chadi masu tsallakowa.

A gidan wani ɗan ƙanwar Inna na sauka, mahauci ne, ba nisa da Babban Masallacin Sarki Faisal. Abin da na fara lura da shi shi ne harshe. A Garwa in ka fita daga gida Fillanci ne ke kai ka kasuwa, a nan kuwa Larabcin Chadi ne, Hausa sai a cikin gida da majalisar dattawa. Da yawa daga Hausawan birnin jikokin mahajjata ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram za su Makka, guzuri ya ƙare ko aure ya riƙe su, suka zauna. Hausarsu ta sha Larabci, amma gaisuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta. Lissafin kuɗi kuwa bai ba ni wuya ba: abin da muke kira dala su riyal suke ce masa, sefa biyar ke nan, saboda haka in mai kaya ya ce "miya", ɗari biyar yake nufi. An tarbe ni da kisira, wata 'yar siririyar waina mai ɗan tsami, da miyar kuɓewa busasshiya, da naman raƙumi gasasshe, sannan jan shayi mai sukari har cokali ya kusa tsayawa. Abinci ya fi na Garwa tsada nesa ba kusa ba.

Bayan la'asar aka raka ni wurin tsohon. Gidan ƙasa ne, da 'yar rumfar kwano a zaure, an rataye mazurarai da fitilun aci-balbal da murhun gawayi. Yana zaune a kan buzu, ƙarfen like na cikin garwashi. Na yi sallama. Ya ɗago kai, yana ta rufe idonsa na dama, ya ce in sake yin sallamar. Na sake. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Wannan muryar maigida ce." Na durƙusa, ya kama kaina da hannu biyu yana shafawa, hawaye na bin gemunsa. Mun daɗe ba wanda ya iya magana. Da na isar da saƙon Inna ya riƙe shaddar a ƙirjinsa yana ta sa wa Baba albarka, yana roƙa masa gafara.

Sai da muka sha shayi sannan ya kira jikarsa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta ɗauko wata mota daga ɗaki. Tsoron da na taho da shi daga Marwa ya gushe tun kafin ta ajiye ta. Marsandi ce mai gajeren hanci, tsawonta ya kusa kamu ɗaya, kuma tana zaune a kan tayoyinta kamar mai nauyin tan goma. Ka danna bayanta sai ta lotsa ta dawo, don sifirin ɗinta na langa-langa ne, falle bisa falle. Sitiyari na juya tayoyin gaba. Ƙofa na buɗewa a kan 'yan patta na waya.

Na fito da ma'aunina na ce, "Baba, a wane ma'auni kake yi?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan ba. Taya nake bi."

Ya nuna mini. Yana wasa bakin ƙaramin gwangwanin tumatir ya yi kaifi, ya danna shi a kan tsohon silifa, taya ta fito. Daga nan komai da taya yake aunawa: tsawon mota taya bakwai, tsayin kai taya biyu da rabi, daga tayar gaba zuwa ta baya taya huɗu. Ya ce wanda ya yi shekara goma yana kwance taya yana mirgina ta gefen mota, ba ya bukatar takarda ta gaya masa taya nawa ce motar. Na auna tayarsa, santimita biyar da rabi. Tayar babbar mota irin wannan tana kai santimita 110. Na raba, ya ba ni 20. Na auna ƙofa, na auna faɗin kai, na auna tsayin shasi daga ƙasa, duk suna faɗowa kusa da 1:20. Na yi shekaru ina karanta lambobin da kamfanoni ke bugawa a ƙarƙashin mota, ina ɗauka ma'auni abu ne da ke zuwa cikin kwali daga Turai, ga shi a nan an fitar da shi daga gwangwanin tumatir.

Sai na miƙa masa Barliyen kamfani. Ya kawo ta kusa da idonsa mai gani, ya bi ta da yatsa, ya yaba hancin, ya ce sun yi daidai. Ya kifa ta ya ƙirga sifirin, sai ya girgiza kai. "Wannan ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Maigida falle uku ya ƙara a baya." Daga nan bakinsa ya buɗe, ni kuma na ɗauko biro. Ya ce Barliye kai da shasi kawai take zuwa, kafintocin Garwa ne ke gina mata bodi. Ga tsani a bayan ƙofar direba. Ga akwatin tukwane da garin tuwo a ƙarƙashin bodi, gefen hagu. Ga tankin mai na biyu da aka yi wa walda. Ga farantan ƙarfe biyu na fitar da mota daga rairayi. Ga salka a rataye a jikin ƙarfen madubi, iska na bugunta ruwa na sanyi. Ga weji, katakon da yaron mota ke dirowa da shi ya cusa a bayan taya in mota ta tsaya a hawa, ya ce wannan shi ne abokinsa na shekara goma, har tabon da ya bar masa a yatsa ya nuna mini. A allon da ke bisa kai an rubuta "Allah Ya Kiyaye". Na tambayi kala, don Inna ta ce koriya ce. Ya ce ta yi gaskiya, bodin kore ne da ratsin ja, shi take hangowa ta saman katanga, amma kan shuɗi ne.

Abu ɗaya na iya ba shi da bai sani ba. Ya ce kullum yana mamakin abin da ya sa aka liƙa hoton kan jirgin ƙasa a hancin mota. Na gaya masa cewa a 1905 Marius Berliet, mai kamfanin a birnin Liyon, ya sayar wa wani kamfanin ƙera jiragen ƙasa na Amurka izinin yin motocinsa, kuma daga nan tambarin ya samo asali. Ya yi ta jinjina kai, ya sa na maimaita wa jikarsa.

Kwana shida na yi ina zuwa tun hantsi. Gwangwanin madara muke yankewa mu buɗe, ya zana da ƙusa, ya lanƙwasa a kan guntun ƙarfen dogo da 'yar gudumar katako. Hancin Barliye ya fi komai wuya saboda kumburinsa, sai da muka ɓata gwangwani biyar. Like da dalma a wurare masu ƙanƙanta ya fi ƙarfin idonsa yanzu, ni nake yi yana riƙe da wuyan hannuna, in na daɗe ya ce, "Ɗaga, za ka ƙone ta." Yarinyar ce ke yanke tayoyi ta yi musu zane da reza, ita ce ke yanko gilashi daga gorar ruwa. Jikokinsa maza duk sun tafi haya da babur, ita kaɗai ta zauna, kuma hannunta ya faɗa ƙwarai. Abin da ke kawo musu kuɗi Land Cruiser a-kori-kura ce, jaka goma sha biyar guda. A ƙasar da yaƙinta da Libiya na 1987 ya ɗauki sunan Toyota, ba mamaki kowane babban mutum na son ɗaya a kan teburinsa. Manyan motocin kuwa mako uku suke ci, kuma masu tambayarsu tsofaffin direbobi ne, waɗanda ba su da abin biya.

Muna aiki yana ba ni labarin Baba. Yadda suke kwana biyu a Kuseri suna jiran layin jirgin fito, don a lokacin babu gada. Yadda Baba ba ya cin abinci sai yaran mota sun ci. Rana ta huɗu ya ba ni wanda ban taɓa ji ba. A 1980, da yaƙi ya ci Injamena, shi da matarsa da jaririnsu suka tsallaka kogin Shari cikin kwalekwale tare da dubban mutane, suka zube a Kuseri ba su da komai. Ya riga ya bar aikin mota shekara biyu kafin nan. Wata safiya yana kwance a ƙarƙashin buhun da suka kafa, sai ya ji kukan inji, ya ce wa matarsa, "Wannan motarmu ce." Baba ne ya taho tun daga Garwa ba kaya, ya kwana uku yana bin sansani yana tambaya. Ya kwashe su da wasu iyalai huɗu zuwa gidanmu, suka yi wata bakwai. Ina goye a lokacin. Baba bai taɓa faɗa mana ba, Inna ma ba ta taɓa ba. Na ajiye ƙarfen like na fita waje na tsaya a jikin katanga har sai da na iya komawa.

Rana ɗaya kawai na ɗauka na zaga gari, ita ma rabinta a kasuwar Dembe ta ƙare, gaban wata tabarma da aka zube kayan wasan gwanjo. Na tona na fito da wata tsohuwar ƙaramar mota ta Majorette, kamfanin da aka kafa a yankin Liyon a 1961, garin su Barliye ke nan. Na bi jikinta da farce ina neman tsaga, domin irin wannan ƙarfe na zubi in ya fara rubewa daga ciki kumbura yake yi ya farfashe, ba magani. Na duba tayoyi ko zafi ya narkar da su, abin da ke cinye mana motoci a Garwa cikin Maris da Afrilu. Lafiyarta ƙalau, miya na biya.

Ranar ƙarshe kai da shasi sun kammala, an shafa shuɗin fenti, tayoyi shida da safaya sun hau. Na ce zan ƙara kwana mu yi bodi. Ya ce, "A'a. Ta gaske ma haka ta zo, kai da shasi. Bodi aikin Garwa ne. Ka je ka yi mata a gida." Ya sa yarinyar ta yanko mini kwali a siffar kowane gefe, ya faɗa mini jerin katako nawa ne daga ƙasa zuwa sama, na rubuta. Na fito da kuɗi, ya ɓata rai ya ce, "Ni zan sayar wa ɗan maigida motar maigida?" Sai na damƙa su a hannun mai masaukina, muka yi magana zai kai shi a duba idon. Na bar masa Barliyen kamfani, na bar wa yarinyar magagaraina da ma'aunin kauri, bayan na koya mata karanta shi. Ya rako ni har bakin titi yana dogara sanda, ya ce, "Ka gaida Hajiya. Ka ce mata har yau ina jin ɗanɗanon kununta."

Dawowa kwana biyu ce ta wannan hanya, motar na kan cinyata naɗe da zane, a kowane shinge ni ke fara buɗe ta. Duk tafiyar ta ci mini kusan jaka tamanin.

Inna na zaune a tsakar gida na ajiye mata ita a kan tabarma. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta buɗe ƙofar direba ta rufe, ta ce, "Ina tsanin?" Na ce yana tafe. Na tambaye ta zancen 1980, ta ce, "To, mene ne abin faɗa? Mutanenmu ne." Yanzu kullum bayan isha'i ina yanka katakon akwatin tumatir sirara-sirara, faɗin kowane rabin santimita. Jiya na gama jeri na uku na gefen hagu, saura akwatin tukwane da tsani da allon rubutu. Salkar kuwa Inna ta ce kada in taɓa, ita za ta ɗinka, ta riga ta aika an samo mata guntun fatar akuya.